Filin lantarki na cajin ɗigo: me ya sa r² ne, kuma me ke faruwa a r = 0?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare. An ba mu E = kQ/r² mun haddace, amma abu uku sun tsaya mini a rai. Tunda dokar Coulomb ta riga ta ba mu ƙarfin da caji biyu ke yi wa juna, mene ne amfanin filin lantarki kuma? Me ya sa r² ne, ba r kaɗai ba? Sannan mene ne cajin ɗigo, tunda kowane abu yana da girma, kuma in na sa r = 0 a kalkuleta sai ta ƙi ba ni amsa?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Tambayoyin nan uku masana sun shafe fiye da shekara ɗari suna kai-komo a kansu, ta ƙarshen ma har yau da sauran magana a cikinta. Bari mu fara da abin da ke hannunki, mu tabbatar ya zauna, sannan mu shiga ciki.

Ki ɗauka akwai caji Q a wuri guda, yana zaune ba ya motsi. Ki zaɓi wani wuri mai nisan r daga gare shi. Ƙarfin filin lantarki a wannan wurin shi ne kQ/r². Ana auna Q da kulom, r da mita, k kuwa adadi ne tsayayye, 8.99 × 10⁹ N·m²/C², wanda a jarrabawa akan mayar da shi 9 × 10⁹. Amsar tana fitowa a niyuton bisa kowane kulom, N/C, kuma daidai yake da bolt bisa kowace mita, V/m. Filin yana da girma, yana kuma da alkibla. In Q fositif ne, filin na fita daga gare shi ta kowace fuska, a kan miƙaƙƙen layin da ya haɗa cajin da wurin da kike aunawa. In nagatif ne, filin na nufo cajin.

Mu sa lamba. Caji na mikrokulom 2, wato 2 × 10⁻⁶ C, a nisan santimita 30. Da farko santimita 30 ta koma mita 0.3, r² ya zama 0.09. A sama kuma 9 × 10⁹ sau 2 × 10⁻⁶ ya ba da 18,000. Ki raba 18,000 da 0.09, kin samu 200,000 N/C. Ki matsa zuwa santimita 60, filin ya faɗi zuwa 50,000. Ki dawo santimita 15, ya haura 800,000. Mafi yawan makin da ɗalibai ke zubarwa a wannan darasi a nan yake zubewa: a bar santimita ba a mayar da ita mita ba, ko a manta da 10⁻⁶ na mikro, ko a ninka r da 2 maimakon a ninka shi da kansa. Shawarata kuma, kada ki shigar da alamar nagatif cikin lissafin. Ki fitar da girman filin da lambobi zalla, alkiblar kuma ki zana ta da kibiya a takarda. Za ki ga amfanin haka idan caji ya zama biyu.

To, tambayarki ta farko. Dokar Coulomb ta ce F = kQq/r², caji biyu ne a ciki. Ki kawo ƙaramin caji q na mikrokulom 1 ki ajiye a wancan wurin na santimita 30, zai ji turi na niyuton 0.2. Ki ɗauke shi ki sa na mikrokulom 3, turin ya zama 0.6. Ki sa nagatif, turin ya koma ja. Duk wannan sauyin daga baƙon cajin yake zuwa. Amma ki raba F da q a kowane karo, lamba ɗaya za ta riƙa fito miki, 200,000. Wannan lambar ba ruwanta da wanda kika kawo. Ta Q ce da ta wurin. Shi ya sa ake cewa E = F/q, kuma shi ya sa q ba ya bayyana a cikin kQ/r². Kin lissafa filin sau ɗaya, duk cajin da ya zo daga baya sai ki ce F = qE kin gama. Sharaɗi ɗaya ne: cajin gwajin ya zama ƙarami ƙwarai, domin in babba ne zai ture cajin da ke kan abin da kike aunawa ya sauya masa zama, sai ki auna abin da ke kanki kika ɓata.

Da a nan maganar ta tsaya, da na yarda da ke cewa filin dabarar rage aiki ce kawai. Masana lissafi da yawa na zamanin Michael Faraday haka suka ɗauke shi. A wurinsu caji yana tura caji daga nesa kai tsaye, babu komai a tsakani. Faraday, ɗan maƙeri ne da ya fara rayuwa yana koyon ɗinkin littattafai a Landan, bai yi zurfi a lissafi ba, amma ya dage cewa sararin da ke kewaye da caji ba fanko ba ne, akwai wani hali da cajin ya sa shi a ciki, kuma wannan halin ne ke taɓa ɗaya cajin. Shi ya yi gaskiya, ga kuma yadda za ki gane.

Ki ajiye q a nisan kilomita 300,000 daga Q, ƙasa kaɗan da nisan wata daga duniya. Yanzu ki girgiza Q. In kin bi dokar Coulomb harafi da harafi, r ya canza, don haka q ya kamata ya ji canjin nan take. Ba haka ke faruwa ba. Sai bayan daƙiƙa ɗaya cur q zai san an taɓa Q, domin labarin yana tafiya ne da gudun haske. A cikin wannan daƙiƙar q yana ci gaba da jin tsohon turi, daga inda Q ya riga ya bari. Wa ke tura shi ke nan? Filin da ke daidai inda yake zaune. Haka kuma makamashin da kika kashe wajen girgiza Q ya bar hannunki, bai kuma isa q ba tukuna, yana cikin filin yana tafiya. James Clerk Maxwell ya rubuta wannan da lissafi a 1865, Heinrich Hertz kuma ya samar da igiyoyin ya kama su a ɗakin gwaji a Jamus a 1887. Rediyon gidanku da wayar hannunki da wannan suke aiki: ana girgiza caji a eriya can nesa, girgizar ta bi filin ta zo ta motsa caji a taki eriyar. Dokar Coulomb daidai take muddin cajin a zaune yake. Da ya fara motsi, ba ki da mafita sai filin. Ni a ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta ɗalibi ya fita da shi daga babin nan, kuma shi ne abin da aka fi tsallakewa a aji saboda ba a cika tambayarsa a WAEC ko NECO ba.

Tambaya ta biyu, r². Amsar tana cikin siffar ƙwallo. Faraday yakan zana filin da layuka masu fita daga cajin, inda suka cunkushe filin na da ƙarfi, inda suka warwatsu ya yi rauni. Layukan nan ba sa farawa ko ƙarewa a sarari haka kawai, daga cajin fositif suke tashi, a kan nagatif suke sauka. To ki kewaye Q da ƙwallo a zuciyarki, Q na tsakiya. Faɗin bayan ƙwallo 4πr² ne. In nisan daga tsakiya mita 1 ne, faɗin ya kai murabba'in mita 12.6. In mita 2 ne, 50.3. In mita 3 ne, 113. Layukan da suka ratsa ƙwallon farko su ne dai suka ratsa na biyu da na uku, ba ƙari ba ragi, amma wurin da za su rabu a kai ya ninka 4, sannan 9. Dole rabon kowane murabba'in mita ya ragu zuwa ɗaya bisa 4, sannan ɗaya bisa 9. Kamar fitila ce a tsakar gida da dare: ki riƙe littafi taku ɗaya daga gare ta kina karatu, ki ja baya zuwa taku biyu, hasken da ke sauka a shafin ya koma rubu'i, alhali fitilar ba ta rage komai ba.

In kika ninka E da faɗin ƙwallon, r² na sama da na ƙasa su cinye juna, abin da ya rage 4πkQ ne, kuma babu r a cikinsa. Wannan shi ne asalin dokar Gauss da za ki haɗu da ita a jami'a. Shi ne kuma dalilin da ya sa wasu littattafai ke rubuta k a matsayin 1/(4πε₀), inda ε₀ yake 8.85 × 10⁻¹². Wannan 4π ɗin na ƙwallon ne. Ki lura da abin da ke biyo baya: in cajin a shimfiɗe yake a kan doguwar waya miƙaƙƙiya, layukan gefe kawai za su bazu, filin ya ragu da 1/r. In a kan faffaɗan faranti ne, kusa da shi layukan ba su da inda za su bazu, filin ba ya raguwa. Ashe r² na ɗigo ne, wanda filinsa ke da damar watsuwa sama da ƙasa da kowane gefe. Kada dai ki ɗauka tsakanin layi da layi babu fili. Layukan zane ne na taimakon ido, filin yana ko'ina.

Hujjar ƙwallo tana da daɗi, amma ta dogara ne a kan cewa layukan ba sa mutuwa a hanya, wannan kuwa sai gwaji ya tabbatar. Benjamin Franklin ya lura cewa in aka yi wa gwangwanin ƙarfe caji aka zura ɗan ƙaramin abu mara nauyi a cikinsa, babu abin da ke jan sa. Ya gaya wa Joseph Priestley, shi kuma ya tuna Newton ya nuna cewa a cikin ƙwallo mai rami jan nauyi yana soke kansa in dokar ta 1/r² ce, sai ya rubuta a 1767 cewa lantarki ma haka zai kasance. Henry Cavendish ya gwada da ƙwallaye biyu na ƙarfe, ɗaya a cikin ɗaya, a wajajen 1773, ya samu cewa lambar da ke kan r, wato 2 ɗin r², tana tsakanin 1.98 da 2.02. Bai buga aikin ba, sai Maxwell ne ya fito da takardunsa a 1879.

Wanda sunansa ya zauna a kan dokar shi ne Charles-Augustin de Coulomb, injiniyan sojan Faransa, a 1785. Ya rataye siririyar sanda a kwance da zaren azurfa a cikin gilashi, da ɗan ƙwallo mara nauyi a bakin sandar, wani ƙwallon kuma a kafe kusa da shi. Da ya ba su caji iri ɗaya sai na sandar ya guje, zaren ya murɗe, ya tsaya a digiri 36. Sai ya riƙa murɗa zaren daga sama yana tilasta wa ƙwallon ya matso. Kafin tazarar ta dawo digiri 18, wato rabi, jimillar murɗin zaren ta kai digiri 144, ninki 4 na 36. Da ya matso da shi kusan rabin wannan kuma, digiri 8 da rabi, murɗin ya kai kusan 576, ninki 4 na 144. Daga waɗannan awon ya fitar da dokar. Bayansa an yi ta maimaita gwajin irin na Cavendish da kayan aiki masu kyau. Wanda Williams da Faller da Hill suka yi a Amurka a 1971 ya nuna cewa in lambar ta kauce wa 2, kaucewar ba ta kai ɗaya cikin 10¹⁵ ba. Dokokin kimiyya kaɗan ne aka tantance har wannan matsayi.

Yanzu cajin ɗigo. Kin yi gaskiya, ƙwallon Coulomb yana da girma, haka duk abin da za ki riƙe a hannu. Abin da ake nufi shi ne girman abin bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da nisan da ake aunawa. Ƙwayar gero mai caji, daga nisan mita ɗaya, ɗigo ce. Daga nisan milimita ɗaya kuwa siffarta ta fara shiga lissafi. Akwai kuma wata rahama: in abin ƙwallo ne kuma cajin ya bazu a kansa daidai wa daida, to daga waje filinsa daidai yake da na ɗigon da ke tsakiyarsa, babu ko ɗan kuskure, ko da kin matso dab da fatarsa. Sai dai ki auna r daga tsakiya, ba daga fatar ba. In ƙwallon na ƙarfe ne, cajin duk a bayansa yake taruwa, a ciki filin sifili ne, abin da Franklin ya gani a gwangwaninsa ke nan. Saboda haka a abu na zahiri kQ/r² yana aiki ne daga nesa har zuwa fatar abin, a nan ya tsaya. Ba ya kaiwa r = 0.

Iska ma tana da nata iyaka. In filin ya kai kusan 3 × 10⁶ V/m, yana fizge ilektiron daga ƙwayoyin iskar, iskar ta zama hanyar wuta, tartsatsi ya tashi. Ki koma kan mikrokulom 2 ɗinmu ki tambaya a wane nisa filin zai kai haka: r² = 18,000 raba 3,000,000, wato 0.006, r ya zama kusan santimita 8. Ma'ana, ƙwallon da ya gaza haka sosai ba zai iya riƙe wannan cajin a iska ba, zai zubar da shi. Wannan tartsatsin kin san shi. Lokacin hunturu, in kika cire rigar sanyi a ɗaki mai duhu kina jin ƙas-ƙas kina ganin ɗan haske, ko ki kai hannu ƙofar mota ta ɗan cije ki. Da damina laima tana yin siririn rufi a kan kaya, cajin ya bi ta nan ya tsiyaye kafin ya taru. Da hunturu kuwa komai a bushe yake, sai ya taru har filin da ke tsakanin yatsanki da ƙarfen ya wuce abin da iska za ta iya ɗauka. Daga nan za ki gane cewa kulom ɗaya caji ne mai ban tsoro: biyu irinsa a tazarar mita ɗaya za su ture juna da niyuton 9 × 10⁹, nauyin kusan tan 900,000.

Inda cajin ɗigo ya fi zama gaskiya shi ne cikin ƙwayar zarra. A haidurojin, furoton ɗaya ne a tsakiya mai cajin 1.6 × 10⁻¹⁹ C, ilektiron kuma yana wajen nisan mita 5.3 × 10⁻¹¹. Wannan nisan ya fi girman furoton ɗin sau fiye da 50,000, don haka ɗigo ne sosai. Ki sa a lissafi, za ki samu filin kusan 5 × 10¹¹ N/C, sama da ninki 100,000 na wanda ke fasa iska. Caji ɗan mitsitsi, amma r ɗin ya yi ƙanƙantar da r² ya rinjayi komai. Shi kuwa ilektiron, duk gwajin da aka yi ba a gano masa girma ba, a nan ne tambayarki ta r = 0 take da haƙori. In ɗigo ne na gaske, lissafin Maxwell yana cewa makamashin da ke cikin filinsa ba shi da iyaka, wanda hankali ba zai ɗauka ba. A irin wannan kusancin dokar Coulomb tana sauka ta ba kimiyyar kwantom wuri, kuma a ƙarshen shekarun 1940 Feynman da Schwinger da Tomonaga suka samo hanyar yin lissafin ta yadda amsoshin da ake iya aunawa za su fito daidai, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1965. A matakinki abin riƙewa shi ne: kalkuletarki ba ta yi laifi ba, dokar ba ta da ma'ana a kan cajin kansa, kuma in kina lissafin F = qE, filin da za ki sa na sauran cajin ne, ban da na q ɗin. Caji ba ya tura kansa.

Duk wannan k ɗin na sarari ne da iska. A cikin ruwa filin yana raguwa kusan sau 80, shi ya sa gishiri ke narkewa: jan da ke riƙe da sodiyam da kulorin ya yi rauni har su rabu.

Dalilin da ya sa ake ɓata lokaci a kan ɗigo ɗaya shi ne kowane abu mai caji tarin ɗigo ne, filinsa kuma jimillar filayensu ce, kowanne da alkiblarsa. Ki ajiye +4 μC da +1 μC (μC na nufin mikrokulom) a tazarar santimita 30. A tsakaninsu filayen suna fuskantar juna, don haka akwai inda za su soke. In wurin yana nisan x daga babban, 4/x² = 1/(0.3 − x)². Ki ɗauki tushen murabba'i a ɓangarorin biyu, 2/x = 1/(0.3 − x), x ya fito 0.2. Santimita 20 daga babban, 10 daga ƙaramin. Cajin ya ninka 4, amma nisa ninki 2 kawai ya isa ya daidaita su. A wannan wurin E sifili ne, amma V, wato fotenshal da ake aunawa da bolt, wanda yake kQ/r kuma ba shi da alkibla, ba sifili ba ne, tunda fositif biyu ake tarawa. Ɗalibai suna yawan cakuɗa waɗannan biyun.

Ki gwada wannan a gida da hunturu: ki goga jikin biro a busasshen gashi ki kusantar da shi ga 'yan guntayen takarda, za su yi tsalle su manne. Takardar ba ta da caji, to me ya ja ta? Filin biron ya ɗan ja cajin da ke saɓa masa zuwa gefen takardar na kusa, ya tura mai kama da nasa zuwa gefen nesa. Yawansu ɗaya, amma na kusa yana inda filin ya fi ƙarfi, sai ja ya rinjayi turi. Da filin bai raguwa da nisa, da takardar ba ta ɗaga ba.

Ga aikin da zan bar miki. Ki mayar da ƙaramin cajin nan −1 μC, babban yana nan +4 μC, tazara santimita 30. Kafin ki taɓa kalkuleta, ki zana kibiyoyin filayen biyu a wurare uku: tsakaninsu, bayan babban, da bayan ƙaramin. Za ki ga a tsakani kibiyoyin gefe ɗaya suke kallo, a bayan babban kuma shi ne ya fi girma kuma ya fi kusa, don haka wuri ɗaya ne kawai sokewa za ta yiwu. Amsar da ya kamata ki samu ita ce santimita 60 daga babban, wato 30 a bayan ƙaramin. In wata lamba ta fito miki daban, ki turo mini aikin layi-layi mu duba tare.